Amsar tambaya: ma'anonin kalmomin Turanci masu farawa da harafin I

Wani ɗalibi mai shirin rubuta jarrabawar shiga jami'a ya aiko mini da tambaya. Ya ce ya ɗauki ƙamus yana haddace kalmomi babi-babi, kuma tafiya tana kyau har sai da ya iso harafin I, inda lissafi ya dagule masa. Malaminsu ya taɓa gaya musu cewa duk kalmar da ta fara da in- tana nufin kishiyar abu ne, amma sai ga shi ya ga an rubuta highly inflammable a jikin tankar mai, ya kuma karanta inda aka yaba wa wani ma'aikaci da cewa gudummawarsa invaluable ce. Yana son a fayyace masa wannan, a kuma ba shi ma'anonin kalmomin wannan harafi, na yau da kullum da waɗanda ba a cika jin su ba.

Ɗalibi, malaminka bai faɗi ƙarya ba, sai dai rabin maganar ya ba ka. Mafi yawan kalmomin da ke babin I sun shigo Turanci ne daga harshen Latin, wasu kai tsaye, wasu ta hannun Faransanci, kuma a Latin akwai ɗafa-goshi (ƙarin da ake liƙawa a farkon kalma) iri biyu da ake rubuta su iri ɗaya, wato in-, alhali ma'anarsu ba ta haɗu ko kaɗan ba. Na farko na korewa ne, yana nufin "ba haka ba", kuma shi ne ke cikin incorrect, abin da ba daidai ba, da invisible, abin da ido ba ya gani, da inadequate, abin da bai wadatar ba. Na biyu yana nufin "ciki" ko "zuwa ciki" ko "a kan", kuma shi ne ke cikin include, sanya abu cikin jimla, da inject, ɗura abu ta allura, da inhale, shaƙar iska, da invade, kutsawa ƙasar wasu da yaƙi. Wanda ya riƙe wannan bambanci ya huta da haddar ɗaruruwan kalmomi, domin da ya ga kalma zai tambayi kansa wane ne daga cikin tagwayen nan yake gabansa.

Kafin mu je ga tankar mai, akwai abin da ke ɓoye wannan ɗafa-goshi ga mai koyo, wato sauya kamanninsa. Idan ya zo gaban b ko m ko p sai ya koma im-, kamar a impossible da immature da imbalance. Gaban l ya koma il-, kamar a illegal da illiterate, gaban r kuma ya koma ir-, kamar a irregular da irresponsible. Wannan shi ne abin da masu nazarin harshe suke kira naso, kuma Bahaushe yana yin sa kullum ba tare da ya lura ba: muna rubuta "gidan Bala" amma bakinmu yana cewa "gidam Bala", muna rubuta "an ba shi" muna furta "am ba shi". Bambancin kawai shi ne mutanen Latin sun sa nasu nason a rubuce, Turanci kuma ya gaje shi haka. Saboda haka im- da il- da ir- duk in- ne, kuma kowannensu yana iya zama na korewa ko na shiga ciki. A immortal, wanda ba ya mutuwa, korewa ce. A immerse, tsoma abu cikin ruwa har ya nutse, shiga ce. Illegible rubutu ne da ba ya karantuwa, amma illuminate haskaka wuri ne. Irrelevant abu ne da bai shafi zancen ba, amma irrigate ban ruwa ne ga shuka, irin na masu noman rani.

To, inflammable ta fito ne daga aikatau inflame, wato cinna wa abu wuta, don haka in- ɗin da ke cikinta na shiga ciki ne, ma'anarta kuwa abu mai saurin kama wuta. Ba kai kaɗai ta ruɗa ba. Turawan ma ta ruɗa su, har ta kai tun cikin shekarun 1920 masu kula da rigakafin gobara a Amurka suka riƙa kira da a yi amfani da flammable a jikin kayan haɗari, don gudun kada wani ya ɗauka abin ba ya ci da wuta. Kalmomin biyu ma'anarsu ɗaya, kishiyarsu kuma ita ce non-flammable. Haka inhabitable take: daga inhabit ta fito, zama a wuri, don haka tana nufin wurin da mutum zai iya zama, wanda ba ya zaunuwa kuma uninhabitable ne. Daga nan za ka iya ɗaukar wata dabara da nake ba ɗalibaina. Idan ka cire ɗafa-goshin ka ga abin da ya rage sifa ce mai zaman kanta, galibi korewa ce. Idan kuwa kalmar aikatau ce, ko daga aikatau mai in- aka gina ta, galibi shiga ciki ce. Na ce galibi, domin akwai irin su invalidate, soke ingancin abu, da immobilise, hana abu motsi, waɗanda aikatau ne amma an gina su a kan sifa mai korewa.

Invaluable labarinta daban ne, domin in- ɗinta na korewa ne da gaske, sai dai abin da ake korewa shi ne yiwuwar yi wa abin kuɗi. Abu ne da darajarsa ta wuce a ƙiyasta ta, don haka yabo ne babba aka yi wa ma'aikacin nan. Abin da ba shi da wata daraja shi ne worthless ko valueless. Infamous ma tana yaudarar mutane, domin ba ta nufin wanda ba a sani ba, tana nufin wanda ya yi ƙaurin suna, kowa ya san shi amma da mugun abu. Takwararta a ajin suna ita ce infamy, kuma da ita Shugaba Roosevelt na Amurka ya siffanta ranar 7 ga Disamba 1941, ranar da Japan ta kai hari Pearl Harbor. Indifferent ba ta nufin abubuwa biyu iri ɗaya ne, tana nufin halin ko-in-kula. Impregnable kuma, duk da kamarta da kalmar juna biyu, tana siffanta ganuwa ko sansanin da ba ya ciwuwa da yaƙi.

Inda nake ganin ya kamata ka fi zuba ido shi ne kalmomin siyasa da shari'a, saboda su ne kake cin karo da su kullum a jarida, kuma amfanin da muke yi da wasunsu a Najeriya ya ɗan saɓa da na sauran ƙasashe. Ɗauki impeach. A wurinmu da an ce an yi impeaching ɗin gwamna, to an tsige shi ke nan, kamar yadda majalisar dokokin tsohuwar jihar Kaduna ta yi wa Alhaji Balarabe Musa a watan Yunin 1981. A Amurka kuwa kalmar tana nufin tuhuma ce kawai: majalisar wakilai ce ke yin ta, sannan majalisar dattawa ta zauna shari'a, kuma sai an sami kashi biyu cikin uku na ƙuri'un dattawan kafin shugaba ya sauka. An yi wa Andrew Johnson a 1868, da Bill Clinton a 1998, da Donald Trump har sau biyu, a 2019 da 2021, kuma babu ko ɗayansu da majalisar dattawa ta samu da laifi. Don haka mai fassara labarin Amurka da ya ce "an tsige" ya kauce; "an tuhume shi a majalisa" ya fi dacewa. Asalin kalmar daga Latin ne mai ma'anar ɗaure ƙafa, irin dabaibayin da ake yi wa dabba, kuma 'yar'uwarta ita ce impede, kawo cikas.

Indict ma tuhuma ce a hukumance kan babban laifi, ba hukunci ba, kuma ba a furta c ɗinta, "indait" ake cewa. Immunity ta fito daga kalmar Latin munus, wato aikin da ya wajaba a kan ɗan ƙasa, don haka asalinta wanda aka ɗauke wa wani nauyi. Daga nan ta rabu gida biyu: a likitance garkuwar jiki ce, wadda immunisation, wato rigakafi, ke ƙarfafawa, a shari'ance kuma kariya ce daga gurfana gaban kotu, irin wadda sashe na 308 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba shugaban ƙasa da mataimakinsa da gwamnoni da mataimakansu muddin suna kan kujera. Kada ka haɗa ta da impunity, wadda ke nufin aikata laifi ba tare da tsoron hukunci ba, abin da muke kira cin karenka ba babbaka. Incumbent shi ne mai riƙe da muƙami a yanzu, asalinta kuwa jingina ko kwanciya a kan abu, shi ya sa idan aka ce it is incumbent upon you, ana nufin abin ya rataya a wuyanka. Inaugurate, rantsarwa ko ƙaddamarwa, ta samo asali daga bokayen Rum da ake kira augur, masu duban tashin tsuntsaye kafin a naɗa mutum a muƙami. Inconclusive kuwa ba ta buƙatar dogon bayani ga wanda ya ga zaɓen gwamnoni na watan Maris 2019, lokacin da aka ce na Kano da Sakkwato da Bauchi da Adamawa da Binuwai da Filato bai kammala ba. Tushenta rufewa ne, wato al'amarin da ba a rufe babinsa ba. Indigene, ɗan asalin wuri, kalma ce da muke yawan amfani da ita a kan takardar shaidar ƙaramar hukuma, amma a Ingila da wuya ka ji ta a baki. Sifarta indigenous ce aka fi sani.

Sai tagwayen kalmomi da masu shirya jarrabawa suke ƙauna. Wasu rikicinsu tsakanin i- ne da e-, domin e- gajeren ex- ne mai nufin "waje". Immigrate shigowa ƙasa ne don zama, emigrate barinta ne, kuma mutum ɗaya yana yin duka biyun a tafiya guda, ya danganta da ƙasar da kake tsaye kana kallonsa. Imminent abu ne da ke dab da faruwa, eminent mutum ne fitacce mai martaba. Illicit haramtaccen abu ne, elicit zaƙulo amsa ne daga bakin mutum. Illusion ruɗin ido ne ko na tunani, kamar kawalwalniya a kan kwalta da rana tsaka. Wasu tagwayen kuma dukansu da i- suka fara. Incredible labari ne mai wuyar gaskatawa, incredulous mutumin ne da ya kasa gaskata shi. Industrial ya shafi masana'antu, industrious mutum ne mai ƙwazon aiki. Imaginary abu ne da babu shi sai a zuci, imaginative mutum ne mai hikimar ƙirƙira. Ingenious mai dabara ne, ingenuous kuwa mai zuciya ɗaya ne wanda bai iya ɓoye-ɓoye ba, har ta kai ana iya yi masa wayo. Harafi ɗaya ne tsakaninsu, amma kusan kishiyoyi ne.

Imply da infer sun fi duk waɗannan wahala, kuma na sha ganin manyan marubuta suna musanya su. Mai magana shi ne yake imply, wato ya nufi abu ba tare da ya fito fili ya faɗe shi ba. Mai sauraro shi ne yake infer, wato ya tsinci ma'anar daga abin da ya ji. Idan kishiya ta yi habaici a tsakar gida, ita ta yi imply. Wadda ta tsargu, tun da mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, ita ta yi infer. A wannan fage Hausa ba ta da talauci ko kaɗan, kuma ya fi maka sauƙi ka ɗaura kowace kalmar Turanci a kan takwararta. Innuendo gugar zana ce, asalinta nuni da gyaɗa kai. Insinuate cusa zargi ne a fakaice. Invective zagi ne tsagwaronsa. Irony kuwa, a ma'anarta ta farko, gatse ne, kamar yaro ya fasa tulu uwarsa ta ce masa "ka kyauta". A ma'ana ta biyu kuma al'amari ne da ya juye akasin abin da ake tsammani, kamar ofishin 'yan kwana-kwana ya ƙone. Ba ta da dangantaka da iron, ƙarfe, daga Girkanci ta zo, daga sunan mai nuna kamar bai san komai ba alhali ya sani.

Inter- yana nufin "tsakanin", intra- "a cikin abu guda", infra- kuma "ƙarƙashi". Motar da ke zirga-zirga interstate tana ƙetare jihohi, ta intrastate ba ta fita jiharta. Intravenous shi ne abin da ake sawa ta jijiya, kamar ƙarin ruwa. Infrastructure shi ne abin da ke ƙarƙashin ginin tattalin arziki, hanyoyi da lantarki da ruwa.

Wasu kalmomin na yau da kullum suna ɗauke da tarihin da zai taimake ka ka riƙe su. Infant, jariri, a Latin tana nufin wanda bai iya magana ba, kuma daga zuriyarta aka sami infantry, sojan ƙasa, ta hanyar Italiyanci inda ake kiran matashi mai yaƙi a ƙafa da wannan suna. Innocent wanda ba ya cutarwa ne, daga nan ta zama marar laifi, kuma innocuous, abu marar illa, tushensu ɗaya. Intoxicate, sa maye, tana komawa ga kalmar Girkanci ta dafin da ake shafa wa kibiya. Influenza Italiyanci ce mai nufin tasiri, domin mutanen da sun ɗauka taurari ne ke saukar da annobar, kuma ita aka gajarta ta zama flu. Inch, wadda muka ara muka ce inci, daga uncia take, kashi ɗaya cikin 12, shi ya sa inci 12 ke yin ƙafa guda. Idiot a Girkanci mutum ne mai zaman kansa wanda ba ya riƙe da wani aikin jama'a, sai daga baya ta gangaro ta zama wawa. Tushenta idios, "na kai", shi ne kuma ke cikin idiom, salon maganar da harshe ya keɓanta da shi, irin "ya sha kashi" da ba ta fassaruwa kalma da kalma, da idiosyncrasy, ɗabi'ar da mutum ya keɓanta da ita.

Island tana da abin mamaki. Tsohuwar kalmar Ingilishi ce, ba ta da s a asali, sai marubuta suka cusa mata shi saboda zaton 'yar'uwar isle ce, wadda ta fito daga insula ta Latin. Shi ya sa har yau ba a furta s ɗin. Insula ɗin nan kuwa ta haifi 'ya'ya da yawa: insulate, killace waya ko ɗaki don kada lantarki ko zafi ya ratsa, isolate, keɓe mutum shi kaɗai kamar tsibiri, insular, mai ƙuntataccen tunani wanda bai san duniya ba, har da insulin na masu ciwon sukari, wanda aka gano a Toronto a 1921, sunansa kuma daga 'yan tsibiran ƙwayoyin halitta da ke samar da shi a jiki.

Game da kalmomin da ba a cika ji ba, ra'ayina shi ne ka san su don karatu, amma ka yi hattara da zuba su a rubutunka, domin mai duba takarda ya fi son jimla mai tsabta a kan dogon Turancin da aka sa ba a muhallinsa ba. Ineffable abu ne da baki ba ya iya siffantawa saboda girmansa. Inchoate, da ake furtawa da k, abu ne da ya fara amma bai kankama ba. Ignominy kunya ce a bainar jama'a, asalinta rasa suna. Inexorable abu ne da roƙo ba ya tsayar da shi, kamar tsufa. Inveterate wanda hali ya zame masa jiki ne, kamar maƙaryacin da ya tsufa a kan ƙarya. Insidious cuta ce ko makirci mai shiga a hankali ba a ankara ba, invidious kuma abin da ke jawo ƙyashi ko jin an yi rashin adalci. Intransigent mai taurin kai ne da ya ƙi sulhu, irascible mai saurin fushi, insipid abu salam marar armashi, ko miya ko zance. Imbroglio, wadda ba a furta g ɗinta, cakwakiya ce ta siyasa. Internecine rikicin cikin gida ne da ke cinye ɓangarorin biyu. Impecunious, marar ko sisi, ta fi burge ni, domin pecunia, kuɗi a Latin, daga sunan dabbobin kiwo ta fito, daidai da yadda makiyayi yake cewa "dukiya" yana nufin garkensa. Interregnum tazara ce tsakanin sarki da sarki, kuma idan aka rubuta ta da babban baƙi a tarihin Ingila ana nufin 1649 zuwa 1660, daga kashe Charles na ɗaya zuwa dawowar Charles na biyu. Iconoclast asalinsa mai farfasa hotunan ibada ne a daular Rum ta gabas a ƙarni na 8, yanzu kuma duk mai ƙalubalantar abin da jama'a suka ɗauka da tsarki. Iatrogenic ciwo ne da magani ko aikin likita ya haddasa. Incunabula littattafai ne da aka buga a Turai kafin 1501. Iota ƙaramin harafi ne na Girkanci, don haka not an iota of truth na nufin babu gaskiya ko ƙwayar zarra.

Ba duka ne daga Turai ba. Imam daga Larabci take, kuma ita ce muka ara tare da al- ɗinta muka ce liman. Iroko daga Yarabanci, impala daga harshen Zulu, igloo daga harshen Inuit na yankin ƙanƙara. Indigo, shuɗin da ake samu daga baba, irin wanda ake rini da shi a karofin Ƙofar Mata a Kano, sunanta yana nufin "na Indiya", saboda daga can Turawa suka san shi.

Saura 'yan ƙananan da suka fi cin maki. Information ba a yi mata jam'i, don haka babu informations. Instalmentally ƙirƙirarmu ce a nan gida; a jarrabawa ka rubuta in instalments. Interest tana iya zama sha'awa, ko kuɗin ruwa, ko maslaha, sai jimla ta nuna. Issue tana iya zama batu, ko fitowar mujalla, ko bayar da takarda a hukumance, a harshen lauyoyi kuma died without issue na nufin ya rasu bai bar ɗa ba. Its na mallaka ne, it's kuma gajeren it is ne ko it has. Wakilin suna I kullum da babban baƙi ake rubuta shi, ko a tsakiyar jimla. Gajartawar i.e. daga id est take, ma'anarta "wato", ana sa ta ne idan za a fayyace abin da aka riga aka faɗa. Idan misali za ka kawo, e.g. ake sawa. Sannan ka kula da furucin important, mai muhimmanci, wadda ake danna gaɓarta ta biyu, domin idan ka danna ta farko ka haɗiye r ɗin, abin da mai sauraro zai ji shi ne impotent, wato wanda ba shi da ƙarfi, kuma a likitance namijin da ya rasa kuzarin aure.